Wane kifi ne wannan mai gurnani da na kamo a Legas?

Baban_Ilham:
Slm jama'ar gida. Dan Allah masana kifi ku matso kusa. Wajen aiki ne suka tura ni kos Legas na sati 3, to ranar Asabar ɗin nan da ta wuce wani abokin aikinmu Bayarabe ya ce in shirya mu je shan iska, ni duk zatona gidan abinci za mu, ashe bakin teku zai kai ni kamun kifi da fatsa. Mun hau jirgin ruwa mai inji daga wajen tashar jirgin ruwa ta CMS zuwa bakin tekun Tarkwa Bay, tafiyar ba ta fi minti 20 ba, da muka sauka sai muka taka zuwa kan wasu manya-manyan duwatsu da aka jera sun miƙe cikin teku kamar titi. Tun 7 na safe muke zaune har 10 ta wuce ko lasar ƙugiyata ba a yi ba, rana ta gasa min ƙeya, har na fara zagin kaina a zuci, kawai wajen 10 da rabi sai abu ya ɓarke, kana jefawa ana fizga, cikin awa ɗaya na ciro guda 9. Kifin ɗan madaidaici ne bai fi tsawon tafin hannuna da yatsu ba, fari kamar azurfa da ɗige-ɗige masu duhu a gadon bayansa, ƙayar bayan tsini gare ta har ta soke ni a babban yatsa. Abin da ya ɗaure min kai, ina riƙe shi zan cire ƙugiya sai na ji yana gurnani a hannuna, gurr gurr, wlh saura ƙiris in yar da shi in ruga. Tambayata biyu ce, mene ne sunansa da Hausa, kuma me ya sa aka yi awa 3 shiru sannan lokaci ɗaya suka zo kamar an yi musu shela? Ni a Jos na tashi, iyakar sanina tarwaɗar kududdufi da tana, ita kuwa ba ta da wani lokaci, haƙuri ne kawai.

Ɗan_Nyanya:
Hhhh Yallaɓai kifi mai gurnani? Ka tabbata ba ɗan ruwa ka kamo ba? Ka dai yi ta karanta Falaƙi da Nasi.

Hajiya_Ladi_Kubwa:
Ni ba sunan ne ya dame ni ba Baban Ilham, lissafi nake so ka yi min. Kuɗin mota zuwa bakin ruwa, kuɗin jirgi zuwa da dawowa, kuɗin shiga, ruwan sha, duk don kifi 9 masu girman tafin hannu? Da ka turo min kuɗin nan in shiga kasuwar kifi ta Kado da sai kun yi sati kuna ci har maƙwabta su samu.

Baban_Ilham:
Hajiya wlh ko Maman Ilham abin da ta faɗa kenan da na tura mata hoto, har da cewa in ban da abin namiji wa zai biya kuɗi a gasa shi a rana. Amma ba za ki gane ba sai zaren nan ya yi rawa a yatsanki.

Sani_Mai_Kifi:
Kroka ne wannan, shi ne yake kuka in an fito da shi. Mu da muke sayarwa kullum mun sani, shi ne wanda ake gasawa a mami maket ta barikin Mogadishu.

Injiniya_Auwal:
Malam Sani ina ganin ba kroka ba ne, duk da shi ma yana ƙara. Na yi shekara 6 ina aiki a Apapa kuma kusan duk ƙarshen mako ina kan duwatsun nan da yake faɗa. Kroka jikinsa dogo ne, wannan da aka siffanta kuwa gajere ne mai faɗi, azurfa da ɗigo a baya da ƙaya mai tsini, wannan shi ne wanda ake ce wa giranta da Turanci, wato mai gurnani, sunan ma daga gurnanin ya samo asali. Kuma yadda suke ƙarar daban ne. Giranta wasu haƙora gare shi can cikin maƙogwaro, su yake gogawa da juna sai jakar iskar nan ta cikinsa, wadda mata ke cirewa kamar balan-balan in ana gyara, ta ƙara wa sautin ƙarfi. Shi kroka tsoka ce yake kaɗawa a jikin jakar kamar mai kaɗa kalangu. Da Hausa kam ban taɓa jin sunansa ba, ai ba mu da teku, a ina za mu gan shi mu raɗa masa suna.

Sani_Mai_Kifi:
To Injiniya na ji, mu dai a daskare yake zuwa mana a kwali, ba mu taɓa jin kukan kowa ba.

Basarke_Yawuri:
Ku da kuke mamakin kifi mai kuka, ashe ba ku taɓa riƙe kurungu ba? Kurungu in ka ciro shi daga koma ƙiiƙ ƙiiƙ yake yi, da ƙayar gefensa yake yin ta. Muna yara in mun kama ƙanana a bakin Kwara sai mu kara a kunne muna dariya, har ranar da ya datse min yatsa da ƙayar nan, tabon yana nan har yau.

Ɗan_Nyanya:
Shi kenan an samu suna, daga yau sunansa kurungun teku.

Maman_Hassana:
A'a Ɗan Gurnani ya fi daɗi. Ina kuri'a?

Injiniya_Auwal:
Bari in amsa tambaya ta biyu don ita ce mai muhimmanci, kuma nan ne duk ɗan Arewa yake faɗuwa in ya je teku karon farko, ni ma sai da na yi wata 2 ina dawowa da bokiti wayam. Mu mun saba da ruwan da yake zaune, dam ko kududdufi, yadda ka bar shi da safe haka za ka tarar da yamma. Teku ba haka take ba, tana hawa tana sauka sau 2 a kwana ɗaya, tsakanin cika da cika wajen awa 12 da minti 25. A Legas hawan ba shi da yawa, wajen mita ɗaya ne, shi ya sa baƙo ba ya ma lura, amma ka duba jikin dutse za ka ga layin jiƙa da gansakuka, nan ne iyakar inda ruwa yake kaiwa. To lokacin da ruwan yake tafiya, musamman in yana turowa ciki, yana tono jatan lande da ƙananan ƙaguwa da tsutsotsi daga yashi da ramukan duwatsu, kifin nan kuma abincinsa kenan a ƙasa yake kiwo kuma garke-garke suke yawo, shi ya sa in sun zo sai ka rasa hannun cirewa, in sun wuce kuma kamar an share. Awa 3 ɗin da ka yi kana gasuwa wataƙila ruwa ne ya kwanta. Sannan ka riƙe wannan, lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. Ka ga in ka lissafa kwana 7 ya kusa awa 6 kenan, wato Asabar mai zuwa in ka koma 10 da rabi akasin abin da ka gani za ka tarar, sai wajen la'asar ruwan zai yi irin na rannan. Bayan sati 2 sai ya dawo kusa da lokacin farko.

Baban_Ilham:
Ikon Allah. Injiniya Allah ya ƙara ilimi, to shi ya sa abokin nawa yake ta duba waya yana cewa in yi haƙuri saura kaɗan, ni na ɗauka saƙon matarsa yake jira.

Malam_Sabo_Gwagwa:
Kuma abin da ke jan ruwan wata ne da izinin Allah, rana ma tana taimakawa. Mu da muke bin kwanan wata ba ma buƙatar wata manhaja don sanin babban hawa. Tsayuwar wata da kuma daren 14 zuwa 16 lokacin ne hawan ya fi girma saukar ma ta fi nisa, wajen 7 ga wata da 22 kuma sai ya yi laushi.

Jummai_Rayfield:
Baban Ilham wane kududdufi kake zuwa a Jos? Mu namu na wajen Rayfield ne, ramukan kuza da Turawa suka tona suka tafi suka bar mana. Babanmu dukan tsiya yake mana in ya ji mun je don wlh ruwan nan ya ci yara ba adadi, bakinsa kamar ba zurfi, taku 2 sai ka ji babu ƙasa, ga sanyi kamar ƙanƙara. Amma duk da haka sai mun saci hanya da zaren buhu da allurar da aka lanƙwasa a wuta.

Baban_Ilham:
Anti Jummai mu ta Anguwan Rogo muke, wani lokaci mu taka har dam ɗin Lamingo. Sandar gora, zaren ɗinkin takalmi, guntun silifas a matsayin abin da zai nuna an taɓa, tana kuma a bayan makewayi ake tonowa a zuba a gwangwanin madara. Ranar da ka kamo tarwaɗa ɗaya kai ne sarkin unguwa.

Hajiya_Ladi_Kubwa:
To ka gani, da can kyauta kake yi yanzu ka girma ka koma biya. Gaba ta kai ni, gobarar Titi a Jos.

Basarke_Yawuri:
Ni fa abin nan dariya yake ba ni kuma yana ɗan sosa min rai. Mahaifina Allah ya jiƙansa shekara fiye da 40 ya yi a cikin kwalekwale, tafin hannunsa in ka taɓa kamar fatar kada saboda jan taru da igiyar mamari, sanyin asuba na hunturu yana cikin ruwa har ƙugu. Abin da yake faɗa min kullum shi ne ka yi boko kar ka gaji wannan wahalar. Na yi bokon, ga ni a ofis a Garki, sai kuma in buɗe waya in ga manyan ma'aikata suna biyan kuɗi su je su yi abin da aka hana ni, har ana kiransa hutu. Ban ce laifi ba ne fa Yallaɓai, kawai dai da tsoho yana raye da na nuna masa ya sha dariya. Shi su sana'a ce, ranar da ba a kama ba ba a ɗora tukunya.

Baban_Ilham:
Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Gaskiya ka faɗa ɗan'uwa, kuma a can ma na ga irinsu, muna zaune da sandunanmu masu tsada su kuma suna wucewa a kwalekwale suna jefa birgi, ko kallonmu ba sa yi. Na ji kunya kaɗan wlh.

Basarke_Yawuri:
Amin na gode. Ba abin kunya ba ne, ruwa na kowa ne. Abu ɗaya zan roƙe ka, in ka kamo ɗan mitsitsi wanda bai kai ci ba ka jiƙa hannunka ka cire ƙugiyar a hankali ka mayar. Mu a gida in Sarkin Ruwa ya kama ka da koma mai ƙananan ido sai an ci ka tara, don wanda ya kwashe 'ya'ya bana shi zai zauna da yunwa baɗi.

Abu_Sumayya:
To nan fa ina da tambaya Malam Sabo. Na ga Turawa a bidiyo suna kama kifi su ɗauki hoto su sumbace shi su mayar ruwa, ba ƙarami ba fa babba. Wannan ba azabtar da dabba ba ne? Ka huda masa baki don kawai ka ji daɗi.

Malam_Sabo_Gwagwa:
Abu Sumayya, asalin farautar ruwa halal ce, aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta faɗa ƙarara, kuma hadisi ya zo cewa teku ruwanta mai tsarkakewa ne mushenta halal ne, don haka Baban Ilham ko alwala ka yi da ruwan gishirin nan ta yi. Amma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san an ce farauta don wasa kawai makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuma ta halatta. To wanda ya kama ya kai gida aka ci, ko ya ba wani, ba ruwansa da wannan ko da ya ji daɗin kamun. Wanda ya mayar da ƙarami don ya girma shi ma gyara ya yi. Wanda kuma tun daga gida niyyarsa ya huda ya ɗauki hoto ya saki, ni dai ba zan yi ba, amma ban ce haramun ba, a tambayi waɗanda suka fi ni.

Ɗan_Nyanya:
Malam in dai ɗan Najeriya ne kar ka damu, a wannan tsadar ba mai mayar da kifi ruwa. Ko ƙaguwa ce ta maƙale sai ta ga tukunya.

Habu_Ingila:
Na daɗe ina karantawa ina murmushi. Ni yanzu shekarata 4 a kudancin Ingila, kafin nan a Wuse nake. Ku san wani abu? Titus ɗin nan da kuke saya a daskare, a nan da rani yake matsowa bakin gaɓa garke guda, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, mutane su yi layi a kan katangar marina ta Brighton suna ciro shi. Kuma ba a sa masa komai a ƙugiya, zare ɗaya ƙugiya 4 ko 6 kowace an ɗaura mata ɗan gashin tsuntsu ko leda mai ƙyalli, dalma a ƙasa, ka wurga ka riƙa ja kana saki, shi yana zaton ƙananan kifaye ne. In garken ya zo sai ka ɗago 5 a jefa ɗaya suna ta fal-fal. Ranar farko da na ga ɗanyensa da rai ban gane shi ba, bayan nan kore shar da shuɗi yana walƙiya da zanen baƙi kamar an sa alkalami, ashe wanda muke ci a gida launin ya riga ya mutu. Kuma a nan kamun teku da sanda ba ya buƙatar lasisi, amma kogi ko tafki sai ka yanki lasisi in ba haka ba tara ce.

Maman_Hassana:
Kai Habu, titus ɗin da yanzu sai mai albashi ya shiga? Ka cika jaka ka aiko mana mana.

Habu_Ingila:
Hhh Anti kwastan za su riƙe ni. Kuma shi wannan game da maganar Abu Sumayya, a nan ma masu kamun suna cewa in ka taɓa shi da hannu to ka riƙe abinka ka ci, fatarsa ba ta jure hannun mutum, ko ka mayar da wuya ya rayu. Don haka in ka samu na ci sai ka naɗe zarenka ka tafi gida.

Nas_Rahila:
Tunda an zo kan titus bari in sa baki a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Irin kifin nan in ya zauna a zafi bayan an kama shi ko bayan ya narke, wani sinadari ne yake taruwa a namansa, histamin, kuma suya ko dahuwa ba sa kashe shi. Mutum ya ci, cikin mintuna fuska ta yi ja, ƙaiƙayi, ciwon kai, zuciya na bugawa, sai a ce ai kifi ne ba ya karɓarsa alhali ajiya ce ta ɓaci. Da wannan wutar tamu da ake ɗaukewa firiza ta narke ta sake daskarewa, a kula. Baban Ilham kai ma in za ka koma ka tafi da kula da ƙanƙara, kar ka bar kifi a leda a kan dutse awa 4.

Baban_Ilham:
Sista wlh a leda muka zuba, Allah ne ya kiyaye. Amma muna sauka wata mata a bakin ruwan ta gyara mana ta gasa da barkono da albasa, namansa fari tas yana ɓarewa sala-sala, ba ƙarnin taɓo irin na tarwaɗa, ƙaya kuma ba ta da yawa in ka cire ta tsakiya. Guda 4 na ci a tsaye.

Hajiya_Ladi_Kubwa:
Au har ka cinye? Ina tsarabar mutanen gida?

Sadiq_Lugbe:
Tambaya dan Allah, me ake sa wa ƙugiyar a teku? Tana tana yi?

Injiniya_Auwal:
Tanar ƙasa ba ta daɗewa a ruwan gishiri. Ɗanyen jatan lande za ka saya wajen matan bakin ruwa, ba busasshen kirafish na miya ba fa, ka ɓare shi ka yanka gutsi-gutsi daidai ƙugiya. Ƙugiyar kuma ƙarama, bakin kifin nan ba shi da girma, kuskuren mutanenmu kenan su sayo ƙugiyar giwan ruwa su zo kamun ɗan tafin hannu, sai a yi ta cinye musu nama ana bar musu ƙarfe. Dalma a ƙarshen zare, ƙugiya 2 a sama da ita tazarar kamar taki ɗaya, ka jefa inda dutse ya ƙare yashi ya fara. Kuma ka sayi dalma da yawa don duwatsun nan cin ta suke, ni daga baya tsofaffin fulogi nake karɓa wajen bakanike in ɗaura, in ya maƙale ba asara.

Sadiq_Lugbe:
Fulogin mota? Kai ɗan Arewa ba dai dabara ba.

Injiniya_Auwal:
Wajen yaran Legas na koya. Af, duwatsun ma tarihi gare su, Turawan mulkin mallaka ne suka fara jera su wajen 1908 don yashi ya daina toshe mashigar jiragen ruwa, daga Abeokuta aka riƙa kawo dutsen a jirgin ƙasa. Su ne kuma suka tare yashin da ruwa ke kawowa daga yamma, shi ya sa ɓangaren Tarkwa ya tara yashi ita kuma gaɓar Bar Beach da ke ɗaya ɓangaren teku ta yi ta cinye ta, inda yanzu aka cike ake gina sabon birnin Eko Atlantic.

Kaka_Talatu:
Ni dai 'ya'yana duk wannan bayani na ji, amma ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ɗan ƙanwata da ya je bautar ƙasa can kudu abokai suka ja shi bakin teku, yaron da ya iya iyo tun yana ƙarami a kogi, igiyar ruwa ɗaya ta ɗebe masa ƙafa, ba don wasu masunta ba da sai dai labari. Baban Ilham kana da ƙananan yara, ka ji tsoron Allah ka sa rigar nan ta ruwa.

Baban_Ilham:
In sha Allah Kaka. A jirgi dole ne ma sai ka sa, a kan dutsen ne ban sa ba.

Injiniya_Auwal:
Kaka ta fi mu gaskiya. Dokoki na 3 ne a wurin nan, kar ka taka dutsen da ya yi kore ko baƙi don santsi ne kamar kuɓewa, kar ka juya wa teku baya ko da ƙugiya kake ɗaurawa, kuma in dalma ta maƙale ka tsinke zaren kar ka sauka cirowa. Silifas ma a bar shi a gida a sa kambas. Daga Yuni zuwa Satumba tekun haushi take ji, ni ba na hawa duwatsun sam, sai iska ta kwanta wajen Nuwamba zuwa Maris.

Abu_Sumayya:
Mu da ba mu da kuɗin Legas fa? Ba inda mutum zai ɗan jefa fatsa a nan Abuja?

Sadiq_Lugbe:
Ina ganin mutane a tafkin Jabi da yamma suna kama karfasa. Wajen dam ɗin Usuma ma akwai masunta amma ruwan shan gari ne, ba ka kama hanya ka shiga kawai ba, sai ka nemi izini.

Ɗan_Nyanya:
Ku jira damina kawai, kwatar unguwarmu in ta cika har gado tarwaɗa take kawo maka.

Jummai_Rayfield:
Ku zo Filato mana, ga Panyam can ta Mangu gonar kifi tun zamanin Turawa, ga sanyi ba mai gasa muku ƙeya.

Baban_Ilham:
Jama'a na dawo da rahoto. Jiya Asabar mun koma, na so mu bi lissafin Injiniya mu je da la'asar amma abokin nawa yana da biki da yamma kuma ya ce ba ya son dawowar jirgi da duhu, don haka safe muka sake yi. Na sayi kula, na sayi ƙanƙara, na sayi jatan lande na dubu 2, har da sabon kambas. Awa 4 Ɗan Gurnani ko ɗaya. Abin da na kamo wani mummunan abu ne mai haƙora 4 kamar na zomo, sau 2 yana datse min zare kafin na fito da shi, yana fitowa ya kumbura ya zama ƙwallo. To ga abin haushin, wani yaro bai fi shekara 12 ba yana zaune bai fi taku 10 da ni ba, ba sanda ba komai, zare ne ya naɗe a robar lemo, yana wurgawa da hannu cikin wani lungu tsakanin duwatsu biyu, a gabana ya ciro 6. Na matsa kusa da shi na jefa a wurin, shiru. Ya kalle ni ya yi dariya ya ce wani abu da Yarabanci, abokina ya ƙi fassara min.

Basarke_Yawuri:
Talibambam ka kamo, akwai ɗan'uwansa a Kwara. Ina fata ba ka ci ba.

Nas_Rahila:
Dan Allah ka ce ba ka ci ba. Dafin da ke hantarsa da ƙwansa wuta ba ta kashe shi, numfashi yake tsayarwa.

Baban_Ilham:
Ban ci ba Sista, abokina da ƙafa ya tura shi ruwa.

Injiniya_Auwal:
To ai na faɗa maka safiyar jiya ba za ta yi ba.

Sani_Mai_Kifi:
Injiniya in lissafin wata ne, shi yaron wani watan daban yake bi? Ruwa ɗaya fa suke ciki.

Injiniya_Auwal:
Malam Sani yaron a wurin aka haife shi, ya san ramin da suke fakewa in ruwa ya ja baya, kuma zare a yatsa ya fi sanda jin taɓi, kafin Yallaɓai ya ji an taɓa an riga an cinye. Lissafina na baƙo ne irina da shi.

Basarke_Yawuri:
Abin da tsoho yake faɗa kenan, kifi ya san hannu. Ni da kaina in na je gida yanzu ƙannena da ba su yi boko ba dariya suke min a kwalekwale.

Hajiya_Ladi_Kubwa:
To yanzu a ƙara kula da ƙanƙara da kambas a kan lissafin farko, a raba da kifi 9. Baban Ilham nawa guda ɗaya ya kama?

Baban_Ilham:
Hajiya kular ba ta dawo wayam ba fa, na sayi na yaron duka 6 ɗin, ƙanƙara ta yi amfani.

Ɗan_Nyanya:
Innalillahi. Wato ka biya jirgi ka tsallaka teku ka je kasuwa.

Maman_Hassana:
Maman Ilham ta san saya ka yi ko ka tura mata hoto ka yi shiru?

Baban_Ilham:
Anti a bar wannan maganar a nan dan Allah, tana da ƙawaye a gidan nan. Injiniya, Juma'a nake gama kos jirgina na komawa gida sai Lahadi da yamma, Asabar ɗin ƙarshe ƙarfe nawa ruwan zai fara hawa? Kuma robar lemon wace iri ce ta fi, mai wuya ko mai faɗi?